Garin Neman Gira a Rasa Ido

Wata masifa ta biyo titin Kano zuwa Katsina, ta ratso Bichi da Tsanyawa, ta ɓullo Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, ta karkata Kusada, ta yada zango a Kankiya, mu kuwa muna zaune muna kallo. Cikin 'yar roba marar suna take zuwa, da cikin akwatin lefe, da cikin wayar da ke hannun 'ya'yanmu. Ina nufin ƙona fata da sunan gyara. A da mai kawai ake shafawa. Daga baya aka zo da man saɓa, wanda ke ɗaye fata cikin 'yan kwanaki. Yanzu kuma zance na uku ya fara yawo a bakin 'yan mata da matan aure: wai akwai wata na'ura a birni, leza sunanta, ana haska ta a fuska ta share duk tabon da mai ya bari, mace ta dawo sabuwa fil. Wannan na ukun shi ya hana ni yin shiru, domin macen da ta fi kowa ɗokin zama gaban na'urar nan ita ce wadda fatarta ta fi ta kowa kasa ɗauka.

Daga man shafawa ciwon ya faro, don haka da shi za a fara. Tun a shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto mai cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, Togo na biye da kashi 59, Mali kuwa 25. Mai shakkar wannan lissafi ya leƙa gidan biki ko guda a Rimaye ko Kafin Soli ko Mawashi, ya dubi fuskoki, sannan ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafu. A farkon 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta fito fili ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. A 2025 kuma BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta riƙa shafa wa 'ya'yanta shida man bilicin har ya bar musu ƙuna da tabo, saboda ta ga ana fifita 'ya'yan 'yar'uwarta masu haske. Kanon nan dai ita ce kasuwarmu. Can ake saro kaya, can ake haɗo lefe, can kuma 'yan haɗi ke zaune da robobi da cokali suna cakuɗa mai uku ko huɗu wuri guda, mai saye na tsaye tana faɗin irin hasken da take so.

Abubuwa uku ne galibi a cikin haɗin. Akwai sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason. Magunguna ne na gaske, masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubuta wa mai kirci ko wani ciwon fata ya shafa a ɗan wuri na ɗan lokaci ya daina. A wurinmu sai a matse shi kaf cikin kwalbar mai, a shafe jiki tun daga goshi har dunduniya, safe da dare, shekara da shekaru. Fata ta sirance, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse da ƙirji, ƙuraje su feso, makero da ƙyasbi su samu wurin zama, gashi ya tsiro a haɓa. Ba kuma a fata yake tsayawa ba. Yana ratsawa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon suga, fuska ta kumbura ta yi zagaye, 'yan'uwa na murna wai ƙibar jin daɗi ce. Akwai haidurokwinon, wanda ƙa'idar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba. To wa ya auna na cikin robar da ko takarda babu a jikinta? Idan aka daɗe ana shafa shi sai ya juya wa mai shi baya: kunci da goshi da bayan wuya su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, wurin ya yi kaushi, kuma baƙin can ƙarƙashin fata yake zama, da wuya ya tafi. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwo tun 1975, daga baya ƙasar ta hana sa sinadarin a kayan kwalliya. Sai zaiba, wadda ake kira makuri, mai cin ƙoda, mai sa rawar hannu da mantuwa, mai ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Tana maƙalewa a tawul da zanin gado, miji da yara su kwasa ba su sani ba. Saboda ɓarnar da ta yi wa mutanen garin Minamata na Japan a shekarun 1950, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a kanta a 2013, Najeriya kuma tana ciki.

Na ga hannun wata amarya ana cire mata lalle. Gaɓoɓin yatsun baƙi ƙirin, tsakaninsu fari sol, jijiyoyi kore shar a bayyane ana iya ƙirga su. Mai lalle ta sa farce a hankali ta kankare wanda ya bushe a bayan hannun, sai ga fatar ta biyo shi, jini ya tsattsafo. Amaryar ba ta ce uffan ba, ta ja mayafi ta rufe. Yarinya ce da ba ta kai ashirin ba. Wata daga cikin ƙawayenta ta ce mata kada ta damu, bayan biki sai a kai ta Kano a yi mata leza.

A nan tarkon yake. Wadda ta shekara tana shafa sitiroyid, in ta daina fuska ta ɗau zafi, ta yi ja, ƙuraje su taso, baƙi ya dawo fiye da na da. In ta ci gaba kuma fata ta ƙara lalacewa. Tana cikin wannan tsaka mai wuya sai ta buɗe TikTok ko Instagram ta ci karo da hotuna biyu a jere, ɗaya fuska ce duk tabo, ɗaya kuma sumul, a ƙasa an rubuta lambar waya. Ba wanda zai gaya mata cewa fitila da hoda da tacewar kyamara sun yi rabin aikin, ba kuma wanda zai nuna mata hoton wannan fuskar bayan wata uku. Tallar da aka ɗauka a Abuja ko Legas da safe, kafin azahar ta iso Kusada. Sai a shiga adashi, a sayar da tunkiya, a ce wa maigida za a je dubiya.

Bari a faɗi abin da leza take, ba tare da ado ba. Wuta ce. Haske ne mai ƙarfi da aka tattara wuri guda. A irin mai ɗaye fata, ruwan da ke cikin fata ya zuƙe shi, ya tafasa nan take, saman fatar ya ƙone ya tashi hayaƙi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake wannan aiki ya san warin, domin warin ƙonannen nama ne. Wadda ta fi ƙarfi, mai aiki da iskar kabon, tana iya kwashe saman fatar fuska gaba ɗaya ta bar ta ɗanya tana tsattsafo da ruwa har mako ɗaya zuwa biyu, jan kuma ya ɗauki watanni bai baje ba. A 2004 wasu likitoci a jami'ar Harvard ta Amurka, Dieter Manstein da Rox Anderson, suka fito da dabarar huda fata da dubban ƙananan ramuka a bar lafiyayyar fata a tsakaninsu don a rage haɗari. An rage ɗin, amma ba a kawar ba. Ko wacce aka yi amfani da ita, hikimar guda ce: a ji wa fata ciwo da gangan, a dogara da cewa jiki zai warkar da ita ta fito da sabuwa. Ashe na'ura ba ta gyara komai. Ƙonawa kawai take yi, gyaran na jiki ne.

Yadda jikin ke yin gyaran abin lura ne. Sabuwar fata daga ramukan gashi da na gumi take tohowa ta bazu ta rufe wurin, kamar yadda ciyawa ke fitowa daga saiwa bayan an cinna wa daji wuta. In saiwar na da rai, fili ya yi kore. In wutar ta ci har ƙasa, ko kuwa dama saiwar ta riga ta raunana, sai fako. Shi ya sa wuya da ƙirji, inda ramukan nan ba su da yawa kamar a fuska, suka fi saurin yin mummunan tabo. Shi ya sa kuma fatar da sitiroyid ya cinye shekaru ba ta da abin da za ta warke da shi. Aikin sitiroyid ke nan tun asali: danne garkuwar jiki da hana fata saƙa sabon nama. Likitocin tiyata sun daɗe suna kokawa kan yadda ɗinki ke ƙin kamawa a jikin masu bilicin, har wajen matan da aka yi wa aikin haihuwa. Fatar da ta kasa riƙe zare, ita za a kai gaban wuta?

Ko da mace ba ta taɓa shafa komai ba, baƙar fata tana da nata sha'anin da leza. A 1975 wani likitan fata na Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fara tsara ma'aunin da yau ya kasa fatar 'yan Adam gida shida gwargwadon yadda take amsa rana. Mafi yawanmu a nan muna gida na biyar da na shida, wankan tarwaɗa da baƙi. Na'urorin nan a kan fatar Turawa aka fara gwada su aka daidaita su. Fatarmu tana da ƙwayoyin launi masu saurin fusata. Duk abin da ya taɓa ta, ƙurji ne ko ƙuna ko cizon sauro da aka sosa, baƙin tabo take mayarwa. Kowa ya san wannan a jikinsa. To ga fuska guda an ƙona ta daga kunne zuwa kunne. Makonni uku ko huɗu bayan aikin, daidai lokacin da mace ta fara murna, sai duhu ya soma sauka, wani lokaci a jere ɗigo-ɗigo daidai inda na'urar ta bi, ya zauna watanni. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, shi ne a kashe ƙwayoyin launin ɗungurungum. Wannan ba ya nuna kansa da wuri. Sai bayan wata shida ko shekara fararen dabbare-dabbare su bayyana, da iyaka a fili tsakanin inda aka ƙona da inda ba a ƙona ba, kuma sau da yawa sun zauna ke nan har abada.

Ga wani haɗari da ya keɓanta da masu bilicin. Mai riƙe da na'ura da ido yake auna launin fata kafin ya saita ƙarfin wutar. Mace ta shigo fara tas, ya ɗauka haka Allah Ya yi ta, ita kuma kunya ta hana ta cewa mai ne. Ya saita mata wutar farar fata, alhali ƙwayoyin da ke ƙarƙashi na baƙar mace ne, danne su kawai aka yi. Ranar da suka farka, da fushi za su farka.

Sai tabo mai tudu. Duk mun san mutanen da hujin kunne kawai ya bar musu ƙullutu a bayan kunne, ko tsagar wanzami ta kumbura ta yi tauri tana ƙaiƙayi tana ƙara girma. Wannan hali ya fi yawa a baƙar fata, kuma yana bin jini. Mai irin wannan jiki in aka ƙona mata muƙamuƙi ko wuya, abin da zai fito ba hoda ba ce za ta rufe shi. A ƙasan ido kuwa, in tabo ya tsuke fata, yana iya janyo fatar ido ta juye waje, ido ya kasa rufuwa sosai, hawaye ya riƙa zuba. Hasken kansa in ya faɗa cikin ido babu kariya, yana iya lalata gani. Nan karin maganar nan ta gira da ido ta daina zama misali, ta zama abin da ke faruwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwanakin da ke biyo bayan aikin, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi, kuma a nan ne Kankiya da Kusada suka bambanta da ɗakin da aka ɗauki hoton talla. Likitan ƙwarai zai ce wa wadda ya yi wa leza: kada rana ta taɓa ki makonni, kada ƙura ta sauka a wurin, ki wanke da ruwa mai tsabta da hannu mai tsabta sau da yawa a yini, ki shafa abin da na ba ki shi kaɗai, ki dawo in duba ki bayan kwana biyu ko uku. A ɗauki wannan umarni a ɗora a kan rayuwar matar da ta taso daga Kano a motar haya, tafiyar fiye da kilomita 100, taga a buɗe, fuska ɗanya. In bazara ce, zafi ya haura digiri 40, gumi na bin ciwon, ga babu wuta balle fanka. In hunturu ne, hazo na shiga har ƙuryar ɗaki, fata na tsagewa don bushewa. Washegari tana gaban murhu, hayaƙin itace da tururin tukunya na dukan fuskarta, don ba wanda zai ɗauke mata girki tunda ba ta faɗa wa kowa abin da ta yi ba. Za ta yi alwala da ruwan da aka ɗebo a rijiya ko aka saya wurin mai kura, ta kai goshi kan darduma. Yaro zai hau cinya ya kai hannu fuska. Ƙuda ba ya neman izini. In za ta fita sai ta ja niƙabi don kada a gani, yadin ya manne da ruwan ciwon, in ta zo cirewa ya taso da sabuwar fatar da ta fara tohowa.

A kwana na uku ko na huɗu zafin da ya kamata ya ragu sai ya ƙaru. Ɓawo mai ruwan zuma ya taru a gefen hanci, mugunya ta fito, wani lokaci kore-kore mai wari. Ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan. Akwai kuma ƙurajen nan da ke fesowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi. Ƙwayar da ke kawo su tana kwance a jikin mutane da yawa, zafin leza na tashin ta, kuma a fuskar da ba ta da saman fata tana iya bazuwa ko'ina ta bar ramuka. Don haka ne likitocin da suka san aikinsu ke fara ba da maganinta tun kafin a kunna na'ura. Wadda ta yi mata aikin a Kano an kira ta ba ta ɗauka, ko ta ce ai haka yake yi, a ƙara haƙuri. Sai a koma ga abin da aka saba: man shanu, man goge baki, ɗanyen ƙwai, a fasa kafso a barbaɗa. Mafi sharri, a koma ga robar nan ta farko, saboda ita ce ke kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, alhali tana buɗe wa cutar ƙofa ne. Kafin a yarda a tafi asibiti, abin da kwana biyu na magani zai tsayar ya zama tabon rayuwa.

Kada a ce na yi wa leza ƙazafi. A hannun likitan fata da ya ƙware, tana da amfani, har a baƙar fata, wajen wasu tabban ƙuraje da wasu cututtuka. Amma dubi yadda irin wannan likita ke aiki. Zai tambaye ki abin da kike shafawa, ya ce ki kawo robar ya gani. Zai tambaya ko kina da ciki, ko ciwon suga, ko tabo mai tudu a jikinki ko a danginki, ko kina shan maganin ƙuraje mai ƙarfi. Zai gwada a ɗan wuri ɓoyayye ya jira makonni. Zai rufe miki ido da abin kariya. Sau da yawa ma zai ce a'a, ki je ki daina mai tukuna, mu ga abin da fatar za ta yi da kanta. Wanda ya karɓi kuɗinki ya kwantar da ke a ranar da kika zo, bai tambaye ki komai ba, ya yi miki alkawarin fari, wannan ɗan kasuwa ne. Kina da haƙƙin tambayar mutum ko shi likita ne, ko yana da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN. Farar riga da safar hannu kowa na iya saye a kasuwa.

Abin da nake jin tsoro bai tsaya a Kano ba. Yau ana sayar da ƙananan na'urorin ƙona tabo ta intanet, wasu ba su fi a riƙe da yatsu uku ba, a aiko wa mutum har tasha. Gidajen gyaran jiki kuwa sun cika garuruwanmu. Da can dilka ce da halawa da kurkur da lalle da turare, amarya ta yi sheƙi da launinta na asali, ba wanda ya cutu. Sannu a hankali aka fara zuba man bilicin cikin dilka, aka kawo man saɓa, aka kawo allurar gulutatayon da ake ɗura wa mace a jijiya wai ta yi fari daga ciki, allurar da hukumomin magunguna a Amurka da Filifin suka yi gargaɗi a kanta. Wadda ta yarda ta yi wa amarya allura a ɗakin da ba asibiti ba, me zai hana ta sayen na'ura gobe? 'Yan'uwana masu gyaran jiki, sana'arku halal ce kuma muna buƙatarta, amma amanar 'ya'yan mutane ce a hannunku. Duk abin da zai huda fata, ko ya ƙona ta, ko ya ɗaye ta, ya fita daga sana'arku. In ciwo ya ɓaci ba ku da abin da za ku tare shi da shi.

Ba zan ɗora wa 'yan mata laifin su kaɗai ba, don ba su suka ƙirƙiro kasuwar ba. Saurayin da ke zaune a majalisa yana cewa fara ko mayya ce, shi ya buɗe ta. Uwar miji da ke leƙa fuskar amarya ta taɓe baki, da gwaggon da ke cewa a ɗan goge yarinyar nan kafin biki, da mijin da ke yi wa uwargida gorin hasken amarya, da masu haɗa lefe da ke cusa man bilicin cikin akwati tun ba a tambaye su ba, duk da hannunsu a ciki. Samari ma yanzu sun shiga shafawa. Malam, kai da ka ce sai fara, ka sani kai ne za ka riƙa jigila da ita zuwa wankin ƙoda in abin ya kai can, in ma kana da amanar tsayawa. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa bambancin harsuna da launuka yana cikin ayoyin Allah, kamar yadda ya zo a Suratur Rum, kuma shari'a ba ta yarda mutum ya cutar da kansa ko waninsa ba. Ina roƙon limaman Juma'a na Kankiya da Kusada da malaman Islamiyya mata su kira wannan abu da sunansa a kan mumbari da cikin aji, yadda suke kiran shaye-shaye.

Ke kuma 'yar'uwa da kika riga kika shiga, ba zagin ki nake ba, kuma ƙofa ba ta rufe ba. Kada ki yanke man rana ɗaya in kin daɗe kina shafe jiki da shi, domin jikin da ya saba da sitiroyid daga waje yana rage yin nasa, yankewa farat ɗaya na iya jawo kasala da jiri da faɗuwar jini. A hankali ake janye shi, a ƙarƙashin kulawar likita. Ki fara da Babban Asibitin Kankiya ko asibitin da ya fi kusa da ke, a auna jininki da suga da fitsari. In abin ya fi ƙarfinsu su tura ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar kusan kilomita 60 ce daga Kankiya, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki nemi ganin likitan fata. Launinki zai dawo, da farko ma zai fi na da duhu, watannin farko za su yi miki nauyi, za a yi magana. Ki daure. Ki lizimci inuwa da man kariya daga rana, ki koma man kaɗanya ko basilin da sabulu marar haɗi. Nankarwa ba za ta ɓace ba, amma fata na sake yin kauri gwargwado in aka ƙyale ta. In kina da ciki, ki gaya wa ma'aikatan awo abin da kike shafawa, kada ki ɓoye.

In kuwa an riga an yi miki leza ko an shafa miki man saɓa, ga abin da ba a kwana da shi a gida: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya ko wari, zazzaɓi, ƙuraje masu ruwa da suka fito a cunkushe, kumburin da ya kama ido, wurin da ya wuce mako biyu bai rufe ba, ko wani layi mai tauri da ya fara tasowa yana ƙaiƙayi a muƙamuƙi ko wuya. A ranar za ki tafi asibiti, ki faɗi gaskiyar abin da aka yi miki. Kunyar minti biyar a gaban likita ba ta kai tabon da za ki ɗauka zuwa kabari ba.

Kankiya tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato makarantar koyon aikin lafiya, wadda ɗalibanta ke bazuwa ƙananan asibitocin jihar nan. Su ne ke ganin matan ƙauye a ranar awo da ranar rigakafi, tun kafin wani babban likita ya gan su. Ina kira ga malamansu da su koya musu gane fatar da sitiroyid ya ci, da yadda ake yi wa mace maganar ba tare da an muzanta ta ba. Masu kemis su daina miƙa kulobetasol ga duk wanda ya miƙo kuɗi, sun san sarai ba kirci za a shafa wa ba. NAFDAC da ma'aikatar lafiya ta Jihar Katsina su shigo kasuwannin ƙauye da gidajen gyaran jiki, kada aikin ya tsaya a taron manema labarai a birni.

Iyaye, ku buɗe akwatin lefe ku duba kafin a kai ɗaki. Ku dubi gaɓoɓin yatsun 'ya'yanku yau da dare. In kun ji wata a gidanku tana tara kuɗin zuwa a yi mata leza, kada ku yi mata tsawa ta ɓoye muku. Ku karɓi robar da take shafawa, ku riƙe hannunta, ku kai ta asibiti cikin makon nan.